Lodi

Na saye ta a hannun Nafi'u, 'yar Kwatano,
haruffa biyu sun fice mata kamar haƙoran tsoho.
Ni makanikin injin jirgi ne a kwatar Yawuri,
farcena bai san fari ba tun ina ɗan sha biyar.
Na ce zan yi kundi a cikinta,
kowane inji da shafinsa, kowane ciwo da maganinsa.
Ka taɓa "fulogi" ya miƙa ka ga "tari",
"tari" ya miƙa ka ga injin Baba Gado,
wanda ba ya tashi sai an lallashe shi.
Shafi na riƙe da shafi
kamar kwale-kwale da aka ɗaure a turke ɗaya.

Sai na dube shi: fari fat, miya ba gishiri.
Na ce ko jirgin katako ai ana masa fenti.

Daren farko na nemo masa launin kogi,
ba na damina ba, mai kama da kunun tsamiya,
na bayan kaka, in ruwa ya huce.
Shuɗi goma sha ɗaya na gwada.
Kulu ta leƙo ta ce duk ɗaya ne.
Na ƙyale ta. 'Yar tudu ce.

Daga nan na gano ana ɗora masa ƙari,
'yan ƙananan manhajoji, ko sisi ba a biya.
Na ɗora kalanda. Na ɗora agogo,
alhali ga agogo a hannuna.
Na ɗora taswira, na ɗora mai ƙirga kalmomi,
har da wani mai sa 'yan kifaye su bi yatsana
duk inda na ja shi.
Ni da nake wa matuƙa faɗa kan lodi,
in ce buhu ɗaya ne tsakanin ku da ƙasan ruwa!

Ranar Laraba na samo wani salon rubutu,
siriri, mai rangwaɗa kamar zuben balbela.
Na sa shi. Na kwanta ina murmushi.
Da safe "aiki ya ƙare" ya haifi kare,
"ɗaki" ya zama akwati, "ɓawo" ya zama rami.
A garin masunta, wai a ce ƙugiya ta ɓata!

Na shiga cikin cikinsa da fitilar waya.
Kalanda na cizon taswira,
agogo ya hau kan suna ya zauna.
Dare uku, caji naira ɗari biyu kullum,
ashe waƙafi guda ne na manta,
ƙaramin noti, irin wanda kan faɗa yashi
ya tsayar da jirgin mutum sittin.

Ya tashi. Wallahi ya yi kyau.

Ana la'asar Baba Gado ya iso da sandarsa,
ya zauna kan jarka, ya ce:
"Abin da na gaya maka watan jiya,
duwatsun bayan gungu, da inda ake kashe wuta,
da yadda kukan inji ke sauyawa in ruwa ya yi zurfi,
ka zuba a allon naka? Karanta mani."

Na buɗe shafinsa.
Sunansa na nan, da ruwan zinari,
kifaye na zagaya shi.
Ƙasa, mai ƙirga kalmomi ya ce: biyu.

Bai yi dariya ba. Ya fasa goro, ya ba ni rabi.

Na sauke agogo, na sauke taswira,
na saki kifayen su koma inda suka fito.
Shuɗin dai na bar shi, na bakwai ɗin nan.
Na ce, Baba, sake daga farko.
Ya ce sai na fara duba masa injin,
tun jiya yake tari.